Tambayar Mashayar Ƙirya

Gusau, 16 ga Janairu, 1928

Daga Mas'udu ɗan Malam Sabiru zuwa ga taubashina Arzika a Bungudu. Gaisuwa da yarda da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Maijidda da yara. Mu nan lafiya lau, sai Baba da ciwon gwiwa ya hana shi fita masallaci kwanan baya, amma yanzu da sauƙi.

Bayan haka, ka riga ka ji na gama makaranta an ɗauke ni malami a ofishin Bature. Ban rubuto maka da wuri ba don har yanzu gwada ni ake yi, ban san ko za a riƙe ni ba. Jiya aka ba ni aikin farko wanda ba kwafar takarda ba ne, kuma a ƙasarku yake.

Maganar Mashayar Ƙirya ce. Manoman bakin gulbi sun kai kuka suna so a ba su fadamar wurin su yi lambu, a rufe burtalin da shanu ke bi su gangara ruwa. An ce ba za a yanke komai ba sai an ji bakin manoma da na makiyaya. Ni aka ce in je in jiyo.

Na zauna na tsara yadda zan yi, bisa abin da aka koya mana. Ba zan tara mutane a ƙofar gidan dagaci ba, domin in babba ya yi magana sauran sai su ce madalla, ka dawo da bakin mutum ɗaya kana zaton na gari ne. Zan bi magidanta ɗaya ɗaya, dogarin da za a haɗa ni da shi ya tsaya nesa inda ba zai ji ba. Tambaya ɗaya zan yi wa kowa, da kalmomi iri ɗaya, kada in taushe ta ga wani in kaifafa ta ga wani. Abin da mutum ya faɗa shi zan rubuta, ba abin da nake zaton yana nufi ba. Abin da na gani da idona kuma zan ware shi dabam da abin da aka gaya mini.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni ka san shi. Rugar da ke bakin burtalin ta Kawu Haruna ce, yayan mahaifiyata Wasila, Allah ya jiƙanta. Rabona da rugar tun ina ƙarami. Kuma karsanar da ya ba ni ranar sunana, zuriyarta na cikin garkensa har yau. Na gaya wa Bature haka da bakina tun kafin wani ya riga ni. Ya ce ba ya da wani malamin da zai aika, in dai kula. Tun lokacin nake ganin kamar duk ofis kallona ake yi. In sakamako ya fito ya yi wa makiyaya daɗi, za a ce yaron nan ya kare saniyarsa ne.

Sule mai jakai zai kawo maka wannan. Ka gai da kowa.

*

Bungudu, ƙarshen watan Rajab

Zuwa ga bawana Mas'udu, wanda anka ba kujera a Gusau ba a tambaye ni ba. Ubangidanka Arzika shina gaishe ka. Lafiya muke. Maijidda ta ce a gaya maka ta ji ka zama babban mutum, to ta ƙara gishiri a miya.

Takardarka ta iso. Ajaminka ya lalace, yaro. Harufan sai jingina suke awa masu son komawa hagu, liman ma da ya leƙa ya ce wanga hannu ya sha boko.

Na ji tsarin da ka yi. Mutum ɗaya ɗaya, dogari can nesa. Ba laifi. Sai dai ka sani garin ga ba a raɗa a cikinsa, in ka tambayi mutum a bayan rumbu, kafin ka kakkaɓe rigarka matarsa ta gaya wa maƙwabta.

Ba ni ɓoye maka, ina cikin waɗanda sunka kai kuka. Gonata ta tudu ta gaji, bara ko rabin rumbu ban cika ba. In anka raba fadamar ga ina sa rai da ɗan wurin da zan kafa jigo in dasa albasa.

Amma ka ji nan. In ka zo, ka fara sauka gidana kafin ka taka bakin gulbi. Akwai maganar da zan saka maka a kunne, ba ta takarda ba ce. Ka kwana, ka ci tuwon Maijidda, da safe in gaya maka ta inda ake shiga wagga magana. Kada ka wuce ni.

Ka gai da Baba, ka ce a gasa masa gwiwar da ɗumin tukunya.

*

Gusau, 27 ga Janairu, 1928

Zuwa ga Arzika. Gaisuwa mai yawa. Baba ya gode, ya ce an gasa, ya ji daɗi.

Na karanta takardarka har na haddace ta, kuma amsar nan ta yi mini nauyin rubutawa. Ba zan iya sauka gidanka ba. Kai da kanka ka ce kana cikin masu neman fadamar. In na kwana wurinka na ci abincinka, sannan ka saka mini magana a kunne, me zan ce in an tambaye ni? Ina da saniya a ɓangare ɗaya, ga taubashi a ɗaya ɓangaren. Hanyar da ta rage mini ita ce kada in ci na kowa, kada in kwana gidan kowa. Zan sauka a zauren baƙi, in tafi da guzurina.

Ina roƙonka kuma, kada ka sake rubuto mini komai game da mashayar nan har sai na miƙa rahotona. In na zo ƙofarka, zan yi maka tambayar da zan yi wa kowa, ka ba ni amsa kamar kowa. Ba raini ba ne. Wallahi tsoro nake ji kada in ɓata aikin farko.

Ka ba Maijidda haƙuri. Tuwonta na nan a raina.

*

Gusau, 12 ga Maris, 1928

Zuwa ga taubashina Arzika. Gaisuwa da barka da shan ruwa. Ina fata azumi na zuwa muku da sauƙi. Mu nan lafiya, zafi ne kawai ya fara.

Na miƙa rahoto, don haka bakina ya buɗe. Ranar da na zo ƙofarka ka amsa mini a tsaye, ka ce, "Ina son lambu, Malam," ka koma ciki. Na san ni na jawo, amma ban taɓa jin ka kira ni Malam ba sai ran nan.

Bari in gaya maka yadda aikin ya tafi. Na tambayi magidanta arba'in da ɗaya, manoma talatin, makiyaya goma sha ɗaya. Cikin manoma, ashirin da shida sun ce a rufe. Huɗu sun ce a bari, domin suna samun taki in shanu sun kwana a gonakinsu bayan girbi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Na makiyaya ne ya tsaya mini a rai.

Na isa rugar da hantsi. Inna Mairo, matar Kawu, ta fito daga bukka ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Wannan goshin na Wasila ne." Ta shimfiɗa mini tabarma, ta shiga, ta fito da ƙwaryar fura da nono ta ajiye gabana.

Na ce, "Inna, na gode, a ƙoshe nake."

Ta ce, "Tun daga Gusau ka ƙoshi?"

Na ce, "Aiki ne ya kawo ni. In na gama zan dawo in sha."

Ta rufe ƙwaryar da faifai. Ba ta ɗauke ba, nan ta bar ta kusa da ƙafata.

Kawu yana gindin ƙirya yana tufka igiya. Ya tsufa fiye da yadda nake tunawa. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi hanya. Sai na ce masa, "Kawu, yau ba ɗan Wasila ne ya zo ba, malamin ofis ne. Ka amsa mini kamar ba ka san ni ba." Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "To, Malam."

Na ce, "In aka rufe Mashayar Ƙirya, za ka cutu?"

Ya ce, "Cuta kuma? Ƙasa ta masu ƙasa ce."

"Akwai wata mashayar?"

"Akwai ta Dutsi, can gaba."

"Shanunka za su iya sha a can?"

"Shanu sun sha ruwa a wurare da yawa, Malam."

"In rubuta ba ka da ja ke nan?"

Ya ce, "Rubuta abin da ka ji." Ya ci gaba da tufkarsa.

Sauran goman na bi su ɗaya ɗaya, kowa a wurin turkensa. Babu wanda ya ce zai cutu. Wani ya ce yadda manya suka gani, wani ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi. Ban tsaya nan ba. Na tafi Mashayar Dutsi da ƙafata, na tuɓe takalmi na shiga, ruwa ya kawo mini gwiwa. Na rubuta cewa na gani da idona akwai ruwa. Mata ban tambaye su ba, domin tun farko na tsara magidanta ne kawai, kuma ban ga dalilin canza tsari a tsakiyar aiki ba.

Bature ya yaba. Ya ce bai taɓa samun rahoto mai tsabta haka daga sabon malami ba, ya ce za a riƙe ni. Ya kamata in yi murna. Amma da zan bar rugar na waiwaya, ƙwaryar nan na nan a rufe inda aka ajiye ta, kaji na zagayarta.

Na ce zan koma in sha, sai dai ina ganin bai dace ba tukuna, sai an yanke hukunci. Yanzu ka faɗa mini, na yi daidai ko? Ka rubuto, ko da zagi ne.

*

Bungudu, bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga Malam Mas'udu. Gaisuwa. Lafiya muke, an yi Salla lafiya.

Takardarka ta iso. Ka ce ka rubuta abin da ka ji, ka ga ruwa da idonka, Bature ya yaba. To mi zan ƙara? Ni manomi ne mai neman lambu, maganata ba ta shiga kunnen mai aikin gaskiya.

An ce za a raba fadamar bayan kaka. Allah shi ƙara girma.

Arzika.

*

Tsafe, 20 ga Agusta, 1928

Zuwa ga taubashina Arzika, in har ka yarda in ci gaba da kiranka haka. Gaisuwa da fatan damina ta yi muku albarka. Na yi ɗan zazzaɓi amma na warke. Takardarka ta bayan Salla ta yi mini ciwo, na rasa abin da zan amsa, shi ya sa na yi shiru. Yau dole ce ta sa na rubuto.

An turo ni ƙasar Tsafe da wani aiki irin wancan. Ana so a ɗauke wata ƙaramar kasuwa kusa da 'Yankuzo a mayar da ita bakin sabuwar hanyar mota. Na bi tsarina yadda na yi a wurinku. Na tambayi mutum ashirin, ɗaya ɗaya, ban ci na kowa ba. Goma sha bakwai sun ce to, yadda hukuma ta gani. Na ɗaure kayana zan koma, sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya datse hanya. Guzurina ya ƙare, ga zazzaɓi ya kama ni. Wani maƙeri mai suna Abdu, wanda yana cikin goma sha bakwai ɗin nan, ya ɗauke ni ya kai ni gidansa. Na sha kununsu, na ci tuwonsu, don ba ni da zaɓi.

Da na fara samun sauƙi nakan zauna a maƙerarsa in riƙe masa zuga-zugi. Wata rana yana gyaran wata hauya, ba tare da na tambaye shi komai ba, ya ce, "In aka kai kasuwar nan bakin hanya, tsofaffin matanmu sun daina cin kasuwa. Da damina wa zai ƙetare da su rafin nan?"

Na ce, "Ai kuwa ka ce mini ka yarda."

Ya yi dariya ya ce, "Malam, ka zo da takarda a hannu, ga dogari can yana jira, ko ruwa ka ƙi sha. Mun ɗauka an riga an gama magana, zuwa ka yi ka ga mai taurin kai."

Ban yarda da maganar mutum ɗaya ba, ka san halina. Da na miƙe na sake bin mutum ashirin ɗin nan. Wannan karon na zauna, na sha abin da aka ba ni, na bar su suka fara da zancen gero da na aure. Tambayar ban canza mata kalma ba. Goma sha uku sun sauya amsa. Sai na nemi izinin mazajen na tambayi tsofaffin mata daga bakin zaure, suka gaya mini abubuwan da babu namijin da ya ambata. Daga ƙarshe na tara su na karanta musu abin da na rubuta, na ce wanda ya ji ba haka ya faɗa ba ya gyara mini. An gyara mini wuri uku.

Arzika, tun ran nan hankalina ba ya jikina. Mutane iri ɗaya, tambaya iri ɗaya, amsa biyu. Abin da ya canza kawai shi ne yadda na zauna a gabansu. To wace amsa na ɗauko daga rugar Kawu? Ban koma na karanta musu ba. Ban tambayi Inna Mairo ba. Kuma na tuna cewa a farkon Fabrairu na shiga Mashayar Dutsi. Ban san yadda take da bazara ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Ka ce akwai maganar da za ka saka mini a kunne. Ni na ɗauka roƙona za ka yi in karkata wajen masu lambu. Yanzu ina shakka. Mece ce maganar? Ka gaya mini da gaggawa, ko da baki ne ta wurin Sule. Ba a raba fadamar ba tukuna.

*

Gusau, 22 ga Oktoba, 1928

Zuwa ga Arzika. Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shirun nan ba wani abu ba. Duk ranar kasuwa ina tsayawa inda masu jakai ke sauka, ban ga Sule ba, ban ga takardarka ba.

Da na dawo daga Tsafe na shiga wurin Bature na ce ina shakkar rahotona na Mashayar Ƙirya, a bar ni in sake. Ya tambaye ni wane layi ne ƙarya a ciki. Na duba, babu. Kowace kalma an faɗa mini ita, ruwan kuma na shige shi. Ya ce to me zai gaya wa na gaba da shi, cewa malaminsa ya yi mafarki? Ya ce takarda ta riga ta tafi ta dawo da hatimi. Abin da ya yarda da shi kawai, in rubuta shakkata a wata 'yar takarda a manna a baya. Na rubuta, an manna, an sa a akwati.

Na nemi izinin zuwa Bungudu, an ce sai an gama awon auduga, domin duk malaman ofis can aka tura mu. Na yi tunanin in tafi ba izini. Ban iya ba. Ina gaya maka wannan ne don kada ka zaci ban yi tunanin ba.

In fushi kake da ni, ka ci gaba da yi, amma don Allah ka je wurin Kawu. Ka ce masa ɗan Wasila ya ce ya zo da kansa ofis ya faɗi abin da ke ransa, zan tsaya masa. In ya yi magana da bakinsa ko yanzu, wataƙila a bar masa ko siririn burtali ne a gefen lambu.

*

Bungudu, farkon watan Rajab

Zuwa ga Mas'udu. Gaisuwa. Muna lafiya, an kai amfanin gona gida, gero ya yi, dawa ce ba ta yi sosai ba.

Takardunka biyu suna hannuna. Ta Tsafe ta daɗe a hanya, Sule ya yi jinyar ƙafa a Mada, sai bayan an fara yankan gero ta iso. Amma ba ni ɗora wa Sule duka. Ta iso da sauran lokaci. Na karanta, na ce bari shi ma shi ɗanɗana shiru, na sa ta cikin gafaka. Kuma an riga an nuna mini wurina a fadamar, na ma sari itacen jigo. Ba ni ce maka wannan bai sa hannuna ya yi nauyi ba.

Ka tambayi maganar. Ga ta, ko da ba ta da amfani yanzu. Cewa zan yi, Kawunka ba shi roƙo. Na zauna maƙwabtaka da mutanen ga tun ina yaro, ban taɓa jin babbansu ya buɗe baki ya ce zan cutu ba. Abin kunya ne gare su, balle a gaban ɗan ƙanwarsa. In ka tambaye shi haka kai tsaye, ko wuƙa na wuyansa cewa zai yi ba komai. Kuma in shi ya ce ba komai, sauran ba su tsallake shi, ko ka kai kowa bayan dutse ka tambaya, don sun ga daga wurinsa ka fito. Cewa zan yi ka tafi a ɗan Wasila, ka sha abin da anka ba ka, ka kwana, da safe ka bi shanu zuwa ruwa ka gani. Ka bar Mairo ta yi ta zance, ita ba ta da wanga ciwo. Ita za ta gaya maka Mashayar Dutsi ƙafewa take tun kafin ruwan fari, sai duwatsu masu karya ƙafar saniya. Ni ina son lambu, gaskiya ne. Amma so na yi a bar musu hanya a gefe, fadamar ta ishe mu.

Da takardarka ta biyu ta zo na je rugar. Na gaya wa Kawunka saƙonka yadda ka faɗa. Shina zaune shina kallon masu kafa shinge.

Ya ce, "Malamin ya tambaye ni, na ba shi amsa. In je in ce masa na yi ƙarya?"

Na ce, "Baffa, ba malami ya aiko ni ba, ɗan ƙanwarka ne."

Ya ce, "Shi da bakinsa ya ce mini ɗan Wasila bai zo ba ran nan. Ban ji ya zo daga baya ba."

Na ce, "Aiki ya riƙe shi."

Ya ce, "Madalla. Aiki abu ne mai kyau."

Sun tashi, Mas'udu. Ranar Laraba da ta wuce, da sassafe, rugar duka. Sun yi kudu. Wasu na cewa wajen Kwiambana, wasu na cewa gaba da nan, su dai ba su faɗa wa kowa ba. Manoman nan huɗu masu son taki sun raka su har bayan gari.

Kafin su wuce sun tsaya ƙofar gidana. Kawunka ya ɗaure wata farar saniya da maraƙinta da karsana ɗaya a jikin darbejiyata. Ya ce, "Na Malam ne. A ba shi, kada wani ya ce yana da abu a garkenmu." Ka san abin da wannan ke nufi, ba sai na fassara maka ba. Mutum ba shi mayar da saniyar suna sai in ya cire hannu.

Na ce shi bari ka zo ka karɓa da kanka. Ya juya ya bi shanunsa.

Mairo ta ɗan tsaya baya, tana gyara kayan da ke kanta. Ta shafa bayan saniyar, ta gaya wa Maijidda ba ta son a tatse ta ta hagu. Sannan ta ce mini, "Ka gaya wa yaron nan ban yi fushi ba. Amma furar da ya ƙi ran nan, da nonon saniyarsa na dama ta. Ba namu ya ƙi ba. Nasa ne."

Saniyar na nan. Ba ta shan ruwan guga sai da ƙyar. Da hantsi ya yi sai ta fara jan igiya wajen gulbi, ta tsohon burtali, inda albasata take yanzu. Ka faɗa mini abin da zan yi da ita.

Arzika, wanda shi ma ya yi shiru.

*

Gusau, 24 ga Disamba, 1928

Zuwa ga taubashina Arzika. Na gode da ka rubuto, na gode da ba ka sassauta mini komai ba. Baba na gaishe ka. Na karanta masa takardarka, da na kai maganar Inna Mairo ya ce in tsaya, ya fita waje.

Ba ni da abin kare kaina. Na ji tsoron a ce na karkata, sai na miƙe har ban iya sunkuyawa in ɗauki ƙwarya ba. Rahoton na nan a akwati, babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, kuma an ce za a riƙa nuna wa sababbin malamai shi su koya. Na roƙi a haɗa musu da 'yar takardar da aka manna a baya. Ban san ko za a yi ba.

Kada ka sayar da saniyar, kada ka kai ta wani garke. An ba ni hutu bayan awon auduga. Zan nemi inda suka sauka, in kora ta in mayar masa da ƙafata. Ban san kora shanu ba, za ka koya mini ko ka yi mini dariya, duk wanda ka ga dama. Wataƙila ya ƙi karɓa. In ya ƙi, ba zan tambaye shi dalili ba, zan zauna ne kawai har a kawo abin sha.

Ka tambayar mini masu zuwa daga kudu ko sun gan su, amma kada ka yi irin tambayata. Ka ba su wurin zama tukuna.

Zan iso ranar kasuwarku in Allah ya yarda. Gidanka zan sauka. Ka ce wa Maijidda ta tatse ta ta dama, ta dama mini fura.

Bawanka,
Mas'udu ɗan Wasila.